Yadda Ƙaramar Hukuma Za Ta Tsara Amfani da Ƙasa a Karkara, Mataki-Mataki

Ƙasa ba ta ƙaruwa, amma masu nemanta kullum ƙaruwa suke yi. Manomi yana son ya faɗaɗa gonarsa, makiyayi yana son hanyar da zai kai garkensa mashaya, matashin da ya isa ajiye iyali yana neman filin da zai ɗora ɗaki, mai tipa idonsa na kan yashin rafi, gwamnati kuma tana neman inda za ta kafa makaranta ko asibiti. Babu wanda buƙatarsa ta zama laifi a cikinsu. Abin da ke mai da su abokan gaba shi ne rashin zama tun da wuri a ce nan na noma ne, can na kiwo ne, wancan kwarin hanyar ruwa ne kada kowa ya yi gini a ciki, kuma kowa ya ji da kunnensa ya amince. Wannan zaman da abin da ya haifar shi ake nufi da tsarin amfani da ƙasa.

Da yawa daga cikin ma'aikata sun ɗauka aikin zane ne: a kira ƙwararre, a biya shi, ya kawo taswira mai launi-launi a rataye a ofishin shugaba. Ni a ganina taswira ita ce abu mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya. Tsarin gaskiya yarjejeniya ce tsakanin mutanen da ke cin abinci daga ƙasa ɗaya, taswira kuwa shaida ce kawai ta abin da suka yarda da shi. Ga yadda ake bi a kai ga wannan yarjejeniya, a kuma sa ta tsaya da ƙafarta.

Mataki na farko: ku san inda ikonku ya tsaya

Kafin a kira taro ko ɗaya, a zauna da lauyan ƙaramar hukuma da jami'in filaye a karanta doka. Ikon ƙaramar hukuma a kan ƙasa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma tsarin da ya wuce gona da iri kotu za ta rushe shi cikin zama ɗaya.

A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ne ke ayyana inda ake kira birni, kuma shi ke kula da filayen birnin. Abin da ba birni ba kuwa, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama irin na gargajiya a kansa, amma ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba sai da yardar gwamna. Dokar ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da a tsakiyar gonar mutum aka same su. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta bi wata hanya: ta kafa kwamitocin kula da filaye tun daga matakin gari har zuwa sama, inda sarakuna da ma'aikatan gwamnati da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. A Tanzaniya, dokar filayen ƙauye ta 1999 ta miƙa kula da ƙasar ƙauye ga majalisar ƙauyen, kuma babban taron mazauna ne ke amincewa da tsarin.

Ku fitar da jerin wuraren da ba ku da iko a kansu: gandun dajin gwamnati, wuraren kiwon da aka riga aka ayyana a hukumance, gefen manyan hanyoyi, ƙarƙashin manyan layukan wuta, filayen madatsun ruwa. Waɗannan za su shiga taswira yadda suke, ba za ku taɓa su ba.

Mataki na biyu: kwamitin aiki

Kwamitin kada ya yi yawa, kada kuma ya zama na ma'aikata zalla. Daga ofis ana buƙatar jami'in filaye, malamin gona, malamin dabbobi, malamin daji, jami'in ayyuka da na lafiyar muhalli. Daga gari ana buƙatar masu sarauta, domin su ne suka san tarihin kowace iyaka, sai wakilan manoma, makiyaya, masunta idan akwai ruwa, mata da matasa.

A nan ne ake yawan tafka kuskuren da ke kashe aikin tun yana jariri. Sai a ɗauko wani mai shanu da ke zaune a cikin gari a ce shi ne wakilin makiyaya, alhali masu bin burtali sau biyu a shekara ba su ma san ana yi ba. Ko a rubuta sunan mace ɗaya don a cika sharaɗi, ta zauna a bayan ɗaki har a tashi ba ta ce uffan ba. Ku bar kowane rukuni ya zaɓi wakilinsa da kansa. Duk ɗan kwamitin da ke dillancin filaye, ko yake da babbar gona a wurin da ake taƙaddama a kai, ya faɗa a fili tun ranar farko, ya kuma fita waje idan an zo maganar wurin.

Mataki na uku: a gaya wa mutane gaskiyar abin da ake shirin yi

Duk inda talaka ya ga baƙi da na'urar awo a gefen gonarsa, abu ɗaya ke zuwa masa a rai: za a ƙwace. Ba za a ga laifinsa ba, domin ya sha ganin haka. Saboda haka kafin kowa ya taka gona, a zagaya gari-gari a yi bayani da harshen da mutane ke ji, a rediyo da wuraren taruwa. A faɗi abin da tsarin zai yi, a faɗi abin da ba zai yi ba, a faɗi inda mai ƙorafi zai kai kukansa. A zaɓi lokacin da ayyukan gona suka lafa, a kuma tabbata makiyaya masu ƙaura suna yankin. Taron da aka yi bayan sun tashi, an yanke hukunci a bayan idonsu ke nan.

Mataki na huɗu: taswirar mutanen gari

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma bai kamata a yi masa gaggawa ba.

A fara a ƙasa, ba a takarda ba. A share fili a inuwa, a ba mutane sanda su zana garinsu: ga hanya, ga rafi, ga rijiya, ga maƙabarta, ga tsaunin da ke gabas. Duwatsu su tsaya a matsayin unguwanni, toka ta nuna burtali, ganye ya nuna kurmi. Ma'aikaci ya kame bakinsa, ya yi tambaya kawai: ina ruwa ke kwanciya idan an yi mamako? Ina ake samun itace yanzu, ina ake samu shekara ashirin da suka wuce? Ta ina shanu ke shigowa, ta ina suke fita? Za ku ga dattijo ya karɓe sanda daga hannun yaro ya goge layi da tafin ƙafarsa ya sake ja, wani ya ce a'a, iyakar ba ta kai bishiyar nan ba. Wannan gardamar ita ake nema. Gara ta fito a kan zanen ƙasa da ta fito a bakin gona ana riƙe da makami.

A yi zaman maza daban, na mata daban, na makiyaya daban, sannan a haɗa. Taswirorin ba za su zo ɗaya ba. Ta mata za ta nuna hanyar ɗebo ruwa da inda ake tsinko itace da ganyaye da 'ya'yan itatuwa, wuraren da maza za su ce maka daji ne kawai babu komai. Ta makiyaya za ta nuna mashaya da wuraren kwana da inda ƙasa ke da gishirin da dabbobi ke lasa, har da hanyar da aka toshe shekarun baya wadda manoma suka manta ta taɓa wanzuwa.

Daga nan sai a mayar da zanen kan hoton sama. Yau wannan ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, ana sabunta su kusan duk kwana biyar, kuma kowane ɗigo a cikinsu yana wakiltar mita 10 a ƙasa, wanda ya isa a bambanta gona da daji da ruwa. Na Landsat sun faro tun 1972, don haka da su za a ga yadda gonaki suka ci daji a cikin shekaru hamsin. Google Earth yana nuna gidaje da bishiyoyi a wurare da yawa, manhajar QGIS kuma ta zana taswira kyauta ce. A buga hoton a babbar takarda a shimfiɗa wa mutane. Wanda bai taɓa shiga aji ba, da ya gane rufin gidansa da bishiyar ƙofar gida, sauran duk zai karanta maka.

Sai tafiya da ƙafa. A ratsa ƙasar garin daga tudu zuwa fadama tare da waɗanda suka san ta, ana ɗaukar lambar wuri, wato lambobin da ke nuna matsayinsa a taswira, da wayar hannu. Wayar kan yi kuskuren 'yan mitoci, wanda ba matsala ba ne ga wannan mataki, amma bai isa a kafa iyakar da za a kai kotu da shi ba, wannan aikin safiyo ne. Iyakar gari da gari kuwa kada a taɓa shata ta sai masu sarautar ɓangarorin biyu suna tsaye. Inda suka kasa daidaitawa, a zagaye wurin a rubuta "ana taƙaddama", a ci gaba da sauran aiki. Kada rigimar kadada goma ta tsayar da tsarin kadada dubu goma.

Ruwanda ta nuna cewa mutanen gari na iya wannan aiki. Tsakanin 2009 da 2013 ta shata filaye sama da miliyan 10, kuma yawancin aikin 'yan yankin da aka ba horo na ɗan lokaci ne suka yi shi da hotunan sama, maƙwabta na tsaye suna shaida.

Mataki na biyar: wa ke da wane haƙƙi

Tambayar "gonar wa ce?" ba ta isa ba. A karkara fili ɗaya kan ɗauki haƙƙoƙi da yawa a jere. Wani ya gada, wani yake nomawa da aro ko haya ko jingina, wata ce ke da 'ya'yan bishiyar da ke tsakiya, makiyayi yana shiga cin kara bayan girbi, mutanen unguwa kuma suna ratsawa ta gefe zuwa rijiya. Idan aka rubuta sunan mai gado kaɗai, an shafe sauran huɗun da alƙalami ba tare da an sani ba.

Saboda haka rajistar ta kasance da gurbin mai asali, mai amfani yanzu, irin yarjejeniyar da ke tsakaninsu, da masu haƙƙin wani lokaci na shekara. A kula musamman da zawarawa, marayu, da baƙin da suka daɗe suna noman aro, domin su ne ake fara turewa da zarar ƙasa ta yi daraja. A wasu jihohin Habasha an riƙa rubuta sunan miji da na mata tare a takardar shaidar gona, don kada mutuwa ko rabuwa ta bar mace a titi. Ƙa'idojin da Kwamitin Wadatar Abinci na Duniya ya amince da su a watan Mayun 2012 kan riƙon ƙasa da daji da wuraren kamun kifi sun tsaya a kan wannan batu: a mutunta duk wani haƙƙi na halal, ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba.

Mataki na shida: me ƙasar za ta iya ɗauka

Ba kowace ƙasa ce ta kowane aiki ba. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da hanya mai sauƙi tun 1976: a ɗauki kowane yanki a auna shi da kowane irin amfani, a ce ya dace sosai, ya dace matsakaici, ya dace da ƙyar, ko bai dace ba. Abubuwan dubawa su ne zurfin ƙasa, ko yashi ce ko laka, gangarenta, yadda take riƙe ruwa, da nisan ruwan ƙarƙashinta.

Manoma sun riga sun yi rabin wannan aiki. Sun san jigawa, sun san fadama, sun san faƙon da ruwa ke gudu a kansa ba ya shiga. A rubuta rabe-rabensu da sunayen da suke kira, malamin gona ya ɗora nasa awon a kai. A sa wa wurare uku jan alama: inda ambaliya ke kaiwa, inda zaizaya ta fara cin ƙasa, da gangaren da idan aka sare itatuwansa ƙasar za ta bi ruwa. Game da ambaliya, kada a tambayi inda ruwa ya kai bara. A tambayi tsofaffi inda ya kai a shekarar da ta fi kowace muni a saninsu, a nemi alamar a jikin bango ko bishiya. Ambaliyar 2022 a Najeriya ta kashe sama da mutum 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma ruwa ba ya mantuwa da hanyarsa ko ya shekara talatin bai bi ta ba.

Mataki na bakwai: lissafin shekara goma masu zuwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara tana ninkawa cikin kimanin shekara 23, don haka tsarin da ya dubi yau kaɗai ya tsufa tun kafin a buga shi.

A ce gari yana da mutum 5,000 kuma yana ƙaruwa da wannan gwargwado. Nan da shekara goma zai kai kusan 6,700. Idan kowane gida mutum bakwai ne, ana maganar sababbin gidaje wajen 245. Idan kowanne zai ci fuloti mai mita 15 a 30, hekta 11 ke nan na gini zalla. A ƙara tituna, magudanan ruwa, makaranta, wurin ibada, filin wasa da faɗaɗa maƙabarta, abin zai doshi hekta 18. Wannan ƙasa dole daga gonar wani za ta fito. Ko dai a zaɓi wurin yanzu cikin natsuwa, a kan tudun da ba shi da albarkar noma sosai, ko kuma gine-gine su zaɓa da kansu, kuma sukan zaɓi gona mafi kyau da ke bakin hanya.

Dabbobi ma ana yi musu irin wannan lissafi. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin kimanin kilo 6 da 'yan kai na busasshen abinci a rana, wato tan 2 da ɗan ɗori a shekara. Masana kiwo a yankunan da ke da ƙarancin ruwan sama sukan ɗauka cewa kashi ɗaya cikin uku na ciyawar da ta fito ne kawai ke shiga cikin dabba, sauran tattakewa da gara da iska da gobara ke cinyewa. To idan hekta ta ba da tan ɗaya da rabi, kilo 500 ne rabon dabba, saniya ɗaya na buƙatar fiye da hekta huɗu idan a nan kaɗai za ta ci shekara. Wannan lissafi shi ke nuna dalilin da ya sa garke ke tafiya. Duk tsarin da ya ware ɗan fili ya ce a tsare shanu a ciki ba tare da ya faɗi inda abinci da ruwa za su fito ba, bai yi lissafi ba.

Mataki na takwas: rabon wurare, a fara da abin da yake na kowa

Yanzu ne ake zama a ce ina za a yi me. Shawarata, wadda nake riƙe da ita da ƙarfi, ita ce a fara da filayen da ba su da mai su guda ɗaya: burtali, wurin kiwo, mashaya, kurmi, bakin rafi, tafki, maƙabarta, filin makaranta. Gonar mutum tana da mai tsaronta, ko taku ɗaya aka ci zai yi magana. Burtali kuwa kowa na amfana da shi amma babu mai kwana da tunaninsa. Bana wannan ya ci kunya biyu daga dama, baɗi wancan ya ci uku daga hagu, kafin shekara goma hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma siririyar da saniya biyu ba sa jerawa. Ranar da shanu suka faɗa gona sai a ce makiyayi ya yi ɓarna, alhali ɓarnar ta fara ne tun ranar da aka ci kunyar farko.

Burtali ba layi ba ne kawai. Yana buƙatar faɗin da garke zai wuce ba tare da ya taɓa shuka ba, wurin hutawa da kwana a tazarar tafiyar yini, da mashiga zuwa ruwa wadda lambunan rani ba su toshe ba. Kuma dole ya haɗu da na maƙwabta. Burtalin da ya zo iyakar ƙaramar hukuma ya ci karo da gona ba shi da amfani. Don haka a gayyaci ƙananan hukumomin da ke kewaye tun ana zane. A gundumar Kiteto ta Tanzaniya, ƙauyuka maƙwabta sun haɗa tsarinsu wuri ɗaya suka ware filin kiwo na tarayya, aka ba ƙungiyar masu kiwonsu takardar shaida a kansa. A Afirka ta Yamma kuma, ƙungiyar ECOWAS ta amince tun 1998 da ƙaurar dabbobi tsakanin ƙasashe bisa takardar shaida da hanyoyin da aka ayyana, Nijar ma a dokarta ta kiwo ta 2010 ta ɗauki ƙaura a matsayin haƙƙin makiyayi. Ƙaramar hukumar da irin wannan hanya ta ratsa ta ba za ta yi kamar ba ta san da ita ba.

Bayan filayen kowa, sai a kare gonaki mafi albarka daga gini, musamman fadamu. Sai wurin faɗaɗa gari, kasuwa da tasha. Sai a nesanta abubuwan da ba sa zama tare: juji da mahauta da masai a ƙasan gangare, nesa da ruwan sha. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta suka fi amfani da ita ita ce aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma a ƙasa mai yashi gara a ƙara. Wurin ɗibar yashi da haƙar ƙasar gini a ayyana shi, nesa da gada da gidaje, tare da sharaɗin cike rami, domin kududdufan da ake bari suna cin yara.

Ƙasar da ta mutu kada a yi mata kallon asara. A yankin Maraɗi, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen itatuwa su toho a gonakinsu suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa, kuma an ƙiyasta wannan dabara ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ramukan tara ruwa da shingen duwatsu suna dawo da faƙo cikin noma. Amma a rubuta tun farko wa zai ci amfanin wurin idan ya farfaɗo, domin ƙasar da babu mai so tana mutuwa, masu ita sukan yi yawa ranar da ta yi kore.

Wani abu kuma: rabo ba na wuri kaɗai ba ne, har da na lokaci. Gona ce da damina, wurin kiwo ce bayan girbi. A Nijar hukuma kan sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara, wadda daga ita dabbobi ke da damar shiga. Tsarinku ya faɗi wa ke sa wannan rana, da yadda za a yi da amfanin da ke daɗewa bai isa girbi ba.

Mataki na tara: a mayar wa jama'a, a saurari ƙorafi

A kafe daftarin taswira da ƙa'idojinsa a kowane gari na tsawon wata ɗaya ko biyu, a sa mai karanta wa wanda ba ya karatu. Kowane ƙorafi a rubuta shi a littafi, a ba shi lamba, a ba da amsa a rubuce.

Maganar diyya ba a kauce mata. Inda tsarin zai karɓi gonar wani don amfanin jama'a, a bi doka sau da ƙafa, a biya kafin a shiga, ba bayan an shiga ba. A wasu ƙasashen, har da Najeriya, diyyar doka ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka a kan ƙasar, wanda sau da yawa ba ya isar manomi ya sake tsayuwa. Shi ya sa musanya gona da gona ta fi kuɗi amfani ga wanda noma ne kaɗai sana'arsa. Wanda ya shiga burtali kuwa a ba shi wa'adi ya girbe abin da ya shuka sannan ya janye, kuma a fara da manyan mutane. Idan aka tashi talaka aka bar gonar mai kuɗi ko ta ɗan siyasa a tsakiyar hanya, tsarin ya mutu a ranar.

Mataki na goma: doka, alama da kuɗi

Majalisar kansiloli ta zartar da tsarin ya zama dokar ƙaramar hukuma, a aika wa hukumar da ke sama ta amince inda doka ta buƙaci haka. Ƙa'idojin su zama gajeru: abin da aka yarda a yi a kowane yanki, abin da aka hana, wa ke ba da izini, mene ne hukunci.

Sannan a sauke tsarin daga takarda zuwa ƙasa. A kafa turakun siminti masu lamba a gefen burtali da wurin kiwo, kusa da juna yadda mai tsaye a ɗaya zai hango na gaba, a ɗauki lambar wurin kowanne don ko an tumɓuke a san inda yake. A dasa itatuwa a layin, domin turke ana cire shi cikin dare ɗaya, bishiya kuwa sai an sha wahala kuma kututturenta zai ba da shaida.

Kuɗin turaku, na mai, na zaman kwamiti da na gyaran mashaya su shiga kasafin shekara da sunansu. Haka kuma duk wani aikin da ƙaramar hukuma za ta yi, rijiyar burtsatse ce ko aji ko rumfunan kasuwa, a duba taswira kafin a sa hannu. Hukumar da ta gina shaguna a hanyar ruwan da ita da kanta ta shata ba ta da bakin hana wani.

Mataki na ƙarshe: sa ido da sabuntawa

Kowane gari ya sami ɗan ƙaramin kwamiti mai zagaya iyakoki sau biyu a shekara: kafin shuka, lokacin da ake cin burtali, da gab da girbi, lokacin da ake ɓarna. Abin da aka tsayar kafin iri ya shiga ƙasa ya fi sauƙin warwarewa fiye da bayan shuka ta kai gwiwa. Rigima ta fara daga sasanci a gari, da manomi da makiyayi cikin masu kimanta ɓarna, in ta gagara ta hau sama. Jami'in filaye ya riƙa kwatanta hoton sama na bana da na bara, ya kai wa majalisa rahoton inda aka shiga.

A sake duba tsarin duk shekara biyar, ko da zarar wani babban abu ya sauya, kamar sabuwar hanya, madatsar ruwa, ko mai zuba jari da ke neman dubban hekta. Irin wannan mai nema a kai buƙatarsa gaban taron garuruwan da abin ya shafa, ba a gama magana a ofis ba.

A ajiye kwafin taswira da rajista a wurare uku aƙalla: ofishin filaye, hannun mai sarautar kowane gari, da kwamfuta, sannan a sa su cikin takardun da shugaba mai barin gado ke miƙa wa mai shigowa. Ƙaramar hukumar da ba ta da ƙarfin ɗaukar yankinta duka a lokaci ɗaya ta zaɓi garuruwa uku ko huɗu da ke kan burtali ɗaya ko rafi ɗaya, ta kammala su har zuwa kafa turaku, sannan ta ɗauki ma'aikatan da suka koyi aikin a can su shiga rukuni na gaba.